Ƙananan Dabbobin Ruwa na Dam ɗin Eleyele: Amfaninsu ga Manomi da Mai Kiwon Kifi

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, idan ka ɗebi ruwan dam ko na kududdufi a cikin farar kwalba ka ɗaga ta ga hasken hantsi, za ka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna zillo, wasu kuma suna yawo a hankali kamar ƙura a hasken taga. Yawancinmu datti muke ɗaukarsu, alhali kuwa dabbobi ne masu rai: suna ci, suna hayayyafa, ana kuma cinsu. Masana kimiyya suna kiransu zuflankiton, wato ƙananan dabbobin da ke shawagi a cikin ruwa, waɗanda ba su da ƙarfin saɓa wa igiyarsa.

An shirya wannan bayani ne musamman domin 'yan'uwanmu mazauna unguwar Sabo ta Ibadan da sauran zangunan Hausawa na birnin, da kuma malaman gonar da ke aiki tare da su. Tun kafuwar Sabo a shekarar 1916 an san mutanenta da fataucin shanu da goro. A yau kuwa akwai masu lambu a bakin rafuka, akwai masu sayar da kifi ɗanye da banda, akwai kuma masu sha'awar kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na roba. Duk waɗannan sana'o'i a kan ruwa suka dogara. Abin da muke so ka riƙe shi ne, lafiyar ruwa tana bayyana ne a yawan ire-iren waɗannan ƙananan dabbobi da ke cikinsa, kuma abin da manomi ya zuba a gonarsa yana iya raya su ko ya hallaka su.

Eleyele da Sauran Madatsun Ibadan

Tazarar 'yan kilomitoci ce kawai tsakanin Sabo da dam ɗin Eleyele. An datse kogin Ona ne aka samar da shi, aka kammala aikin a 1942 domin bai wa birnin Ibadan ruwan famfo. Da gari ya bunƙasa, sai aka gina dam ɗin Asejire a kan kogin Osun, kimanin kilomita 30 gabas da birnin, aka kammala shi a 1972. Akwai kuma ƙaramin dam na Awba a cikin Jami'ar Ibadan, wanda aka gina a 1964.

Waɗannan madatsu suna cikin wuraren farko da 'yan ƙasa suka yi nazarin ƙananan halittun ruwa a Nijeriya. A 1967 A. M. A. Imevbore ya wallafa bincikensa a kan yanayin ruwan Eleyele da halittun da ke shawagi a cikinsa. A. B. M. Egborge ya bi diddigin na Asejire, inda a 1981 ya fitar da bayani a kan ire-irensu da yadda suke sauyawa daga damina zuwa rani. A 1986 kuma Cibiyar Binciken Tafkin Kainji da ke New Bussa ta buga littafin C. Y. Jeje da C. H. Fernando, wanda ke koyar da yadda ake gane ire-iren da ake samu a ruwayen Nijeriya. Albarkacin waɗannan ayyuka, mai binciken yau yana da abin da zai gwada sakamakonsa da shi, ya san ko ruwan ya gyaru ko ya lalace.

Gwajin kuwa ya zama wajibi, domin Eleyele ta 1942 a bayan gari take, ta yau kuwa gidaje da wuraren sana'a sun matso kusa da ita. Ruwan kwata, da shara, da ruwan rogo daga wuraren sarrafa garin kwaki, da zaizayar ƙasa daga gonaki da filayen gini, duk suna samun hanyar gangarawa cikinta. Ambaliyar ranar 26 ga Agusta 2011, wadda ta ci rayuka fiye da ɗari a Ibadan, ta yi wa madatsar kanta ɓarna, har ta shiga cikin aikin magance ambaliya da Bankin Duniya ya amince da tallafa wa a 2014.

Zuriya Uku da Ya Kamata ka Sani

Ko da yake ire-iren suna da yawa, zuriya uku ce ta fi muhimmanci a ruwan daɗi.

Ta farko ita ce Rotifa. Su ne mafi ƙanƙanta, galibinsu ba su wuce rabin milimita ba, saboda haka sai da madubin ƙara girman abu ake ganinsu sosai. A kansu akwai wasu 'yan gasu da ke kaɗawa kamar taya na juyawa, da su suke iyo, da su kuma suke jawo abinci zuwa baki. A madatsun ruwa na Nijeriya su ne suka fi yawan iri. Fitattu daga cikinsu su ne Brachionus, Keratella, Filinia da Lecane. Saboda ƙanƙantarsu, su ne lomar farko ga jaririn kifi mai ƙaramin baki.

Ta biyu ita ce Kiladosira, wadda za mu kira ƙumar ruwa saboda irin tsallen da take yi. Girmanta daga rabin milimita ne zuwa milimita ɗaya da ɗoriya, ana iya ganinta da ido. A ƙasashenmu masu zafi an fi samun Moina, Diaphanosoma da Ceriodaphnia. Ƙumar ruwa tace ruwa take yi, tana cinye gansakuka da ƙwayoyin bakteriya. A lokacin wadata mata kaɗai ake gani, suna haihuwa ba tare da namiji ba. Idan abinci ya yi ƙaranci ko ruwa ya fara ƙafewa, sai maza su bayyana, a samar da wani irin ƙwai mai taurin ɓawo wanda zai kwanta a cikin busasshen laka har ruwa ya dawo. Wannan shi ne sirrin da ya sa kududdufin da ya bushe ƙurmus da rani yake cika da rai 'yan kwanaki bayan ruwan farko.

Ta uku ita ce Kofifoda, wadda a cikinta aka fi sanin Saikulof. Jikinsa kamar ɗan ƙaramin ɗigon hawaye yake, da dogayen ƙahonni biyu da ido ɗaya a goshi. Macen tana ɗauke da jakunkunan ƙwai biyu a gefenta, kamar jaki da mangala. Thermocyclops da Mesocyclops su ne aka fi gani a ruwayenmu. 'Ya'yansu abinci ne mai kyau ga kifi, amma manyansu mafarauta ne, suna cin Rotifa, har suna iya kai wa jaririn kifi hari.

Matsayin waɗannan dabbobi a cikin ruwa kamar matsayin tumaki da awaki ne a ƙasa. Gansakuka ita ce ciyawar ruwa, tana haɗa abinci da hasken rana. Ƙananan dabbobin suna kiwo a kanta, su mai da ita nama. Jariran karfasa da tarwaɗa da sauran kifaye suna cinsu, manyan kifaye su ci ƙanana, mu kuma mu ci kifi. A kowane mataki kimanin kashi ɗaya cikin goma ne kawai na ƙarfin abincin ke wucewa gaba. Don haka kifin da masunci ya cika kwando da shi, an yi kiwonsa ne da ɗimbin waɗannan halittu da ba a kula da su.

Yawan Iri da Yawan Kai

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ganin ruwa cike da ƙananan dabbobi ba ya nufin ruwan yana da lafiya. Mu ɗauki misalin kwalba biyu, kowacce da dabbobi 100. A ta farko an sami iri goma sha biyar, kowane da ɗan rabonsa, daga dukkan zuriyoyin nan uku. A ta biyu iri uku kawai aka samu, kuma 90 daga cikin ɗarin duk Brachionus ne. Yawan kai ɗaya ne, amma kwalba ta farko ta fito ne daga ruwa mai lafiya, ta biyu kuwa daga ruwan da wani abu ya dame shi har masu rauni suka mutu, masu juriya suka mamaye wurin.

Manomi ya fi kowa fahimtar wannan. Gonar da aka haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, idan fari ko ƙwari suka taɓa ɗaya, sauran za su rufa asiri. Haka abin yake a ruwa. Idan ire-iren suna da yawa, jaririn kifi zai sami loma daidai bakinsa a kowane mataki na girmansa: Rotifa a kwanakin farko, sai ƙumar ruwa, sai Kofifoda. Haka nan idan wani iri ya ja baya saboda sauyin yanayi, wani zai maye gurbinsa a wajen cin gansakuka, ruwan ba zai rufe da kore ba.

Wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Vladimir Sladecek ya fito da ma'auni mai sauƙi a 1983. Ana ƙirga ire-iren Brachionus, masu son ruwa mai yawan taki, a raba da ire-iren Trichocerca, masu son ruwa mai tsabta. Idan amsar ta gaza ɗaya, ruwan ba shi da taki sosai. Idan ta wuce biyu, taki ya yi masa yawa. A Turai aka tsara ma'aunin, saboda haka a nan sai a haɗa shi da sauran alamu kafin a yanke hukunci. Haka kuma rashin ganin manyan ƙumar ruwa irin su Daphnia, waɗanda suka cika littattafan Turawa, ba alamar ɓaci ba ce a wurinmu. A ruwayen ƙasashe masu zafi akwai jariran kifi kusan duk shekara, kuma manyan suke fara tsincewa, shi ya sa ƙananan ire-ire suka fi yawa.

A lura kuma da lokaci. Daminar Ibadan ta fi ta Arewa tsawo, tana farawa wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, da ɗan tsaiko a watan Agusta. Idan ruwa mai ƙarfi ya sauka, dam yakan yi jawur da laka, hasken rana ya kasa shiga, gansakuka ta ragu, ambaliya kuma ta kwashe dabbobin ta bi da su ta kan madatsa. Lakar tana toshe wa ƙumar ruwa matacinta. Idan ruwan ya lafa ya kwanta, sai su sake yaɗuwa. Saboda haka awo ɗaya a rana ɗaya ba ya isa a ce ga halin da dam yake ciki.

Yadda Aikin Gona ke Shafarsu

Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Hanyoyi uku ne aikin gona ke bi ya canza rayuwar cikin ruwa.

Hanya ta farko ita ce taki. Sinadaran naitorojin da fosfaras da ke cikin yuriya da NPK da kashin dabbobi, aikin da suke yi wa alayyafo shi suke yi wa gansakuka. Kaɗan daga cikinsu alheri ne, da shi ma ake raya tafkin kifi. Amma idan suka yi yawa, sai wata irin gansakuka mai launin shuɗi-kore, irin su Microcystis, ta rufe fuskar ruwa kamar an zuba fenti. Ƙumar ruwa ba ta iya cinta sosai, wani lokaci ma tana da guba. Da dare wannan gansakuka tana shan iskar oksijin da ke cikin ruwa, idan ta mutu ta ruɓe kuma ta ƙara shanye sauran. Shi ya sa ake ganin kifi yana haki a saman ruwa da asuba. Babbar tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama ta tsira, amma karfasa ba ta iyawa, jaririn tarwaɗa ma a makonninsa na farko bai sami wannan baiwa ba tukuna. Ka tuna kuma, takin da ya gangara rafi da kuɗinka ka saye shi, amfanin gonarka bai ci ba.

Hanya ta biyu ita ce maganin ƙwari, kuma ita ce mafi haɗari. Ƙumar ruwa da Saikulof dangin jatan lande ne da ƙaguwa, ginin jikinsu ya yi kusa da na ƙwari. Magungunan feshi irin su Cypermethrin, Lambda-cyhalothrin, Chlorpyrifos da Dichlorvos, wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, suna kashe su ko da ɗan mitsitsi ne ya shiga ruwa. Saboda wannan rauni nata ne ma masana a duniya suke gwada gubar sabon magani a kan ƙumar ruwa na tsawon awa 48 kafin a ba shi lasisi. Rotifa kuwa sun fi jure wa irin waɗannan magunguna. To, idan maganin ya kashe manyan masu tace ruwa ya bar ƙanana, sai gansakuka ta sami sake, jaririn kifi kuma ya rasa abincin mataki na biyu. Mai wanke injin feshi a bakin rafi ba zai ga mushen komai ba, domin waɗanda suka mutu ido ba ya ganinsu, amma masunci zai gani a komarsa bayan watanni. Kamun kifi da guba kuwa, irin yadda aka riƙa yi da Gammalin 20, ɓarna ce da doka ta hana, kuma sinadarin Lindane da ke cikinsa an sa shi a jerin haramtattu na Yarjejeniyar Stockholm tun 2009.

Hanya ta uku ita ce zaizayar ƙasa. Noma har bakin ruwa da sare itatuwan gaɓa suna tura ƙasar gona cikin dam, ta cike shi, ta dagula ruwan.

Ga matakan da za ka ɗauka, kuma babu wanda zai ci maka kuɗi mai yawa:

1. Ka bar zirin ciyawa mai faɗin aƙalla mita 5 zuwa 10 tsakanin gonarka da bakin ruwa. Jema tana da kyau ƙwarai a wannan aiki, domin saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai. An gwada jere-jeren jema a gonar Jami'ar Ibadan, aka tabbatar tana rage gudun ruwa da zaizayar ƙasa.

2. Ka binne yuriya a gefen shuka maimakon watsawa, ka kuma raba ta kashi biyu ko uku. Kada ka sa taki idan hadari ya haɗu.

3. Ka tara kashin shanu ko na kaji nesa da rafi, inda ruwan sama ba zai wanke shi ba.

4. Kada ka yi feshi ana iska ko ana shirin ruwa. Kada ka haɗa magani ko ka wanke injin feshi a bakin rafi ko rijiya.

5. Ka ɗauraye kwalbar magani sau uku, ka juye ruwan ɗaurayar a cikin injin feshi ka fesa a gona, sannan ka huda kwalbar don kada wani ya zuba abin sha a ciki.

Darasin Kurkunu

Ba za a yi maganar Saikulof a ƙasar nan ba tare da an tuna kurkunu ba. Mai ciwon idan ya tsoma ƙafarsa a kududdufi, tsutsar takan zubar da dubban 'ya'ya a ruwa. Saikulof ya haɗiye su, su ƙosa a cikinsa cikin kimanin mako biyu. Wanda ya sha ruwan ba tare da tacewa ba ya haɗiyi Saikulof ɗin, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta ɓullo masa, galibi a ƙafa, sau da yawa kuma a daidai lokacin aikin gona. Sanya Onabamiro, wanda ya koyar a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya nuna a 1951 cewa wani nau'in Thermocyclops ne ke ɗaukar cutar a wani ƙauye na kudu maso yammacin Nijeriya.

A ƙidayar 1988 an sami mutane fiye da 650,000 da ke fama da kurkunu a Nijeriya. Ba da allura aka yaƙe shi ba, domin ba shi da rigakafi ko magani. Da sanin halin wannan ɗan ƙaramin dabba aka yi nasara: tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan idanu, hana mai ciwo shiga ruwa, zuba maganin Abate a kududdufai, da haƙa rijiyoyin burtsatse. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon sun taka rawa sosai a wannan yaƙi. An ga mutum na ƙarshe mai ciwon a Jihar Enugu a 2008, kuma a Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. A 2024 mutum 15 kacal aka samu a duniya baki ɗaya, amma tun da maƙwabciyarmu Cadi na cikin ƙasashen da cutar ta rage, duk wanda ya ga alamarta ya gaggauta sanar da asibiti mafi kusa.

Ɗabi'ar tace ruwa kuwa kada a yar da ita. Ƙwayar cutar kwalara tana manne wa jikin Kofifoda. Wani bincike da aka wallafa a 2003 daga ƙauyukan Bangaladash ya nuna cewa tace ruwa da tsohon zane da aka ninka sau huɗu ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi. Idan kana aiki a lambu kuma ruwan rafi kaɗai ke kusa, ka tace, ka kuma tafasa in da hali.

Kiwon Ƙumar Ruwa Domin Jariran Tarwaɗa

Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa, yankin Ibadan kuma yana cikin cibiyoyin wannan sana'a. Duk mai ƙyanƙyasa ya san inda asara ta fi yawa, wato mako biyun farko. Ƙwan tarwaɗa yana fashewa cikin kimanin kwana ɗaya, jaririn ya rayu a kan gwaiduwarsa kamar kwana uku, daga nan ya buɗe baki neman abinci. A lokacin cikinsa bai ƙosa ba, kuma abin da ke motsi ya fi jan hankalinsa. Yawancin masu ƙyanƙyasa suna sayen ƙwan Artemia na gwangwani, wanda ake shigowa da shi daga ƙetare, musamman daga wani tafkin gishiri da ke Jihar Yuta ta Amurka. Farashinsa yana bin dala, kuma da yake halittar ruwan gishiri ce, 'ya'yanta suna mutuwa cikin 'yan awoyi a ruwan daɗi su ɓata tanki.

Moina kuwa 'yar gida ce. Kimanin rabin busasshen nauyinta sinadarin gina jiki ne, sabbin 'ya'yanta ba su wuce girman na Artemia ba, kuma tana zama da rai a tankin jarirai har a cinye ta. Tana fara haihuwa tana da kwana 4 zuwa 7, tana zuba 'ya'ya 4 zuwa 22 kusan duk bayan kwana biyu. Ga yadda ake kiwonta:

1. Ka sami tanki ko rabin duro mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar magani ko mai ba. Ka zuba ruwan rijiya zurfin santimita 40 zuwa 50. In ruwan famfo ne, ka bar shi ya kwana biyu a buɗe domin sinadarin kulorin ya fita.

2. Ka ajiye shi inda rana ke taɓawa, amma ka yi wa kamar rabinsa inuwa. Moina ta fi son ɗumi tsakanin digiri 24 da 31.

3. Ka ƙulle busasshen kashin kaji a buhu ka rataya a cikin ruwan, gram 250 zuwa 500 ga kowace lita 1,000. Ka fara da kaɗan, domin ƙari ya fi ragi sauƙi. Ka rufe tankin da gidan sauro don hana ƙwari yin ƙwai.

4. Bayan kwana uku zuwa biyar ruwan zai yi kore-kore. Sai ka nemo iri. Da sassafe ake samunsu, domin da dare suke hawowa sama, rana ta yi su nutse. A kududdufin da shanu ke sha akan gan su kamar jan gajimare a gefen ruwa. Ka kamfato su da lallausan ƙyalle, ka bi da su ta rariya don cire tsutsotsin ƙwari, ka tsince Saikulof gwargwadon iko. Malamin gona zai taimaka maka wajen tantancewa.

5. Cikin kwana 5 zuwa 10 za su cika tanki. Ka riƙa kwasar kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar a kullum, ka ɗauraye su da ruwa mai tsabta kafin ka ba jarirai. Ka ba su kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, kana duba cikinsu ya cika.

6. Daga mako na biyu ka fara haɗawa da garin abincin kifi, kana rage Moina a hankali har su saba.

Idan ruwan ya washe tas, abincinsu ya ƙare, sai ka ƙara taki. Idan ya yi baƙi yana wari, taki ya yi yawa, sai ka rage ruwan ka ƙara sabo. Idan ka fara ganin baƙaƙen ƙwai a bayansu, alama ce tankin ya kusa faɗuwa. Saboda haka ka riƙe tanki biyu ko uku, kana fara kowanne kwana uku ko huɗu bayan ɗan'uwansa. Lakar gindin tsohon tanki kuma ka shanya ta ka adana, iri ce. Ka wanke hannu da sabulu bayan taɓa taki.

Mai tafkin ƙasa ya kula da lokaci. Bayan an sa taki an cika ruwa, Rotifa ne ke fara yaɗuwa, ƙumar ruwa ta biyo baya, Kofifoda su zo daga ƙarshe. Saboda haka kimanin mako guda bayan sa taki ya dace a zuba jarirai. Wanda ya yi jinkiri zai tarar manyan Saikulof da ƙwarin ruwa da talibambam sun riga shi.

Aikin Malamin Gona

Malamin gona ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya fara sa ido. Ya yanko faifan ƙarfe ko katako mai faɗin santimita 20, ya shafa masa fari da baƙi, ya ɗaura masa igiya mai alamun awo, ya riƙa nutsa shi yana rubuta zurfin da ya ɓace wa ido. A tafkin kifi santimita 30 zuwa 40 ake so. Idan ya gaza 20 kuma ruwan kore ne, a tsai da taki. Manomin da ba shi da faifai ya tsoma hannu har gwiwa: in tafinsa ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, gansakuka ta yi yawa.

Don sanin ire-iren, ana tace ruwa lita 20 zuwa 50 ta ƙyalle mai idanu kimanin maikuron 60, wato kashi 60 cikin dubu na milimita. Abin da ya taru sai a zuba a ƙaramar kwalba da ruwan fomalin kashi 4 cikin ɗari, a rubuta wuri da rana da lokaci, a kai Sashen Nazarin Dabbobi ko na Kiwon Kifi na Jami'ar Ibadan, ko kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa. A ɗebo daga wuri fiye da ɗaya, kamar mashigar rafi da tsakiya da kusa da madatsa, sau ɗaya a wata, damina da rani. Kafin ɗiba a dam na gwamnati a nemi izinin hukumar ruwa. Littafin da aka cika shekara guda ana rubuta wannan awo zai nuna daga wane rafi ɓarna ke shigowa da kuma a wane wata, ta yadda za a san manoman da ya kamata a fara zama da su.

Kammalawa

Ɗan'uwa manomi, ruwan da ya bar gonarka bai ɓace ba, ya tafi wurin masunci, da mai kiwon kifi, da mai shan famfo. Idan ka kiyaye taki da magani daga rafi, ka bar ciyawa a gaɓa, ka rage wa kanka asara, ka kuma taimaka wa dabbobin da ke ciyar da kifi suna tace ruwa. Mai ƙyanƙyasa kuma ya gwada tanki ɗaya na Moina a zubinsa na gaba, ya kwatanta yawan jariran da suka rayu da kuɗin da ya kashe. Don ƙarin bayani sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, amin.